Masaukin gidan gona a Kiyanti: sharhi ga mai shirin gini

Masaukin yana kan tudu a yankin Kiyanti na ƙasar Italiya, tsakanin Fulorans da Siyena, kusa da garin Greve, kuma gonakin inabi da na zaitun ne suka kewaye shi ta kowace fuska. Asalinsa gidan manoma ne, irin waɗanda aka watsar lokacin da masu noman raba amfani da mai gona suka kwarara birane a shekarun 1950 da 1960, kafin dokar shekarar 1985 ta tsara yadda manoman Italiya za su riƙa sauke baƙi a gonakinsu. Na sauka a wurin ne da idon mai shirin gyara gida, saboda haka sharhina ya fi karkata ga ginin.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne daɓen. Jan bulo ne da aka gasa a Impruneta, garin da ya yi suna da wannan sana'a tun ƙarnoni da dama, wanda tayil ɗinsa ne ya lulluɓe kubbar babbar majami'ar Fulorans da aka kammala a 1436. Babu bulo biyu masu launi ɗaya. Wani ya yi ja sosai, wani ya koɗe kamar tsohon tulu, kuma a bakin ƙofa, inda ƙafa ta fi takawa, ya ɗan lotsa ya yi santsi. Masu gidan ba su ɓoye wannan tsufa ba, sun dai shafe shi da mai da kakin zuma don kada ya sha datti, kuma a ganina wannan shawara ce ta ba ɗakin kwarjininsa.

Haka suka yi da rufin, domin babu silin, sai manyan gungumen itace da aka bari a fili, da ƙananan bulo jere a tsakaninsu. Bangon dutse ne mai kauri, an shafe cikinsa da farar ƙasa maimakon fentin mai, wadda take barin danshi ya fita ba tare da bangon ya kumbura ya ɓare ba. Tagogin ƙanana ne, masu ƙyauren katako da ake rufewa da hantsi a buɗe da almuru, kuma da wannan dabara kaɗai ɗakin yake zama da sanyi tsakar rana ba tare da na'ura ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin soron ƙasa mai azara a Kano ko Zariya ya san wannan sanyi, domin hikimar guda ce: bango mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Abin da ya kamata mai gini ya ɗauka ke nan, tare da faffadar barandar da ke tare rana kafin ta kai ga bango, maimakon ya shafa wa siririn bulon siminti launin ruwan ƙasa ya ce ya yi gidan Italiya.

Akwai inda masaukin ya gaza. Banɗakin da aka ƙara daga baya an liƙa masa tayil mai ƙyalli wanda bai dace da sauran ginin ba ko kaɗan, fitilun ɗaki ba su isa karatu ba, kuma tagogin ba su da ragar sauro.

Game da hidima, ma'aikatan suna da fara'a da kiyaye buƙatar baƙo. Yankin na masu yin giya ne, an shata iyakokinsa tun 1716, amma ba a matsa wa kowa ya ɗanɗana. Da na bayyana cewa ba na sha kuma ba na cin naman alade, sai suka riƙa kawo mini cuku da zuma da man zaitun na gonarsu, tare da burodin yankin wanda ba a sa masa gishiri. Hanyar zuwa ta tsakuwa ce, dole sai da mota, kuma mai tafiya da tsofaffi ya nemi ɗakin ƙasa tun wajen kama wuri, domin matakalar dutsen tana da tsayi kuma ba ta da abin dafawa.