Darasin Birij a Zauren Malam

Wata biyu ke nan ina zuwa zauren wani tsohon malamin makaranta a garinmu, kusa da Ringim, inda yake koyar da wasan karta na birij bayan la'asar. Ba caca ba ce, ko sisi ba a zubawa.

Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa da karta 13. Ya fara da ƙidayar maki: mai A huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, mai J ɗaya, jimla 40 a duka kartar, tunda kowane iri guda huɗu ne. In ba ka kai 12 ko 13 ba, yawanci sai ka wuce, ba za ka fara tayi ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tayi, wato faɗin yawan zagayen da kai da abokin wasanka za ku ci. In ka taya ɗaya, alkawarin cin zagaye bakwai ka ɗauka, domin shida na farko ba sa cikin lissafi.

Ranar da na yi tayi da maki tara, Malam ya baje kartata kan tabarma, ya ce, “Ɗana, tayi magana ce da abokin wasanka, kada ka faɗa masa abin da ba ka da shi.” Haƙurinsa ya burge ni ƙwarai.

Matsala ɗaya, kartar ta tsufa, har ana gane wasu ta baya. Ranar kasuwa zan sayo masa sabuwa.