APBS da PDB2PQR: manhajar da ke nuna maka cajin da ke jikin bairos

Duk mai son ya gane dalilin da ya sa ƙwayoyin bairos ke jeruwa reras a kan shimfiɗar maiƙo, to APBS ce manhajar da zan ce ya fara da ita, kuma kyauta ce, ko ka sauke a kwamfuta ko ka yi aiki da ita ta intanet. Tun 2001 Nathan Baker da abokan aikinsa suka fito da ita, aikinta warware lissafin Poisson-Boltzmann, wato lissafin yadda tasirin caji ke bazuwa a kewayen furotin a cikin ruwan gishiri. Abokiyar tafiyarta PDB2PQR ita ke gyara fayil ɗin furotin, ta ƙara haidurojin ɗin da babu, ta raba wa kowane atam cajinsa gwargwadon pH ɗin (ma'aunin tsamin ruwa) da ka zaɓa.

Ɗauki CCMV, bairos ɗin da ke kama shukar wake, faɗinsa kamar nanomita 28, furotin 180 ne suka haɗa ɓawonsa. Kana buɗe sakamakon a PyMOL, manhajar kallon siffar furotin, za ka ga ja a inda cajin yake negatif, shuɗi a inda yake fozitif, kuma a pH 7 bayan ɓawon ja ne ya fi yawa. Shi ya sa yake mannewa a maiƙo mai fozitif irin DOTAP, amma DOPS mai negatif sai dai ya ture shi. Abin da ya fi burge ni shi ne wasa da pH da gishiri, don bairos ɗin ba maiƙon kaɗai yake ji ba, yana kuma tura ɗan uwansa tunda cajinsu ɗaya, in cajin ya yi yawa kowa ya manne nesa da kowa, in ka sauko da pH kusa da inda cajin ke zama sifiri turin ya ragu su matso su jeru, amma in ka wuce gona da iri sai riƙon maiƙon ma ya saki. Gishiri kuma yana rage nisan da caji ke kaiwa: in yawan gishirin milimola 1 ne, nisan kusan nanomita 10 ne, a milimola 150 bai ma kai nanomita 1 ba. Ganin wannan da launi ya fi karanta shi a takarda nesa ba kusa ba wallahi.

Sai dai hanyar tana da iyaka, kuma ya kamata mutum ya sani tun farko. Ruwa a wajenta abu ne guda shimfiɗaɗɗe, ba ta ƙirga ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya, sannan ayon (atam mai ɗauke da caji) mai caji biyu irin kalsiyam ba ta kama halinsa sosai. Babbar matsalar ma ita ce komai a tsaye yake a lissafin, alhali maiƙon yana yawo, ƙwayoyinsa masu fozitif ɗin taruwa suke a ƙarƙashin bairos, wannan APBS ba za ta nuna maka ba sai ka haɗa da manhaja irin GROMACS mai kwaikwayon motsin ƙwayoyi.

A kula kuma, fayil ɗin da ake saukowa daga PDB, rumbun ajiyar siffofin furotin a intanet, yawanci ɓangare ɗaya ne na ɓawon, sai ka gina cikakken da kanka, kuma cikakken yana cin memori ba kaɗan ba, gara ka yi shi a kwamfuta mai ƙarfi. Ga ɗalibi ko mai shirin gwaji da ke neman sanin pH da gishirin da zai fara gwadawa, na ba ta huɗu cikin biyar.