Spitfire na farko: ƙaramin Airfix 1/72 ko babban Tamiya 1/48?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce yayanka zai dawo daga Ingila, ya yarda ya riƙo maka jirgin roba na haɗawa, kuma ka tsaya tsakanin Spitfire biyu, wato jirgin yaƙin nan na Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu: na kamfanin Airfix mai ma'aunin 1/72 da na Tamiya mai 1/48. Ba ka taɓa haɗa ko ɗaya ba, ba ka da injin feshi, kuma zuciyarka ta fi kwanta wa ƙaramin don kana ganin zai fi sauƙin haɗawa. Ni ma ƙaramin zan ce ka ɗauka. Sai dai wajen haɗawa babban ne ya fi sauƙi. A wajen fenti da kuɗi ne ƙaramin ya sha gabansa, kuma a wajen fenti ne jirgin farko yake yin kyau ko ya lalace.

Mu fara da girma, don lambobin nan suna ruɗar mutane. 1/72 na nufin an rage tsawon jirgin gaskiya sau 72. Faɗin Spitfire daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 11.23 ne, tsawonsa kuma ya ɗan haura mita 9. A 1/72 faɗin zai dawo wajen santimita 15 da rabi, tsawon kusan 13. A 1/48 faɗin ya haura santimita 23, tsawon 19. A takarda bambancin ɗaya da rabi ne kawai, amma filin da buroshinka zai bi ya ninka sau biyu da kwata. Riƙe wannan lissafin, don shi ne zai raba gardamar.

A wajen haɗawa, na Tamiya da ya fito a 2018 yana cikin jiragen da suka fi kowanne zama daidai. Ka ɗauki ɓari biyu na gangar jikin ka haɗa su ba gam, su rungumi juna, da kyar ka ga layin tsakani. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙafafun. Ƙafafun Spitfire a matse suke kusa da juna kuma a ɗan karkace, sabon hannu kan manna ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma, jirgin ya tsaya a gicciye. Tamiya sun zuba ƙafafun biyu a matsayin yanki ɗaya da ke shiga ƙarƙashin ciki, ko kana so ka karkatar da su ba hali. Yankunan kuma suna da kauri a hannu. Sandar tuƙi, kujera, bututun hayaƙi, duk yatsa na iya riƙe su.

Na Airfix yankunansa ba su kai 40 ba, wannan gaskiya ne, kuma cikin yamma biyu ko uku za ka ga jirgi ya tsaya. Amma ƙanana ne ƙwarai. Eriyar bayan matuƙi ba ta fi tsinken ashana da aka tsaga ba, tayar wutsiya kuwa in ta faɗi a kan tabarma sai an yi sa'a. Dole ka nemi matsefata. Robarsu tana da taushi, reza na shiga cikinta fiye da yadda ka yi niyya, kuma inda fiffike ya haɗu da gangar jiki yakan so a ɗan kankare kafin ya zauna. Layukan da aka sassaƙa a jikin jirgin don nuna mahaɗar falankan ƙarfe sun fi na Tamiya zurfi. Masu neman kamala suna kushe wannan, amma ga mai fenti da buroshi alheri ne, don shafi uku ba zai cike su ba.

Kada ka ɗauka na Tamiya ba shi da nasa ƙalubalen. A cikin kwalin akwai ɗan falle na ƙarfe siriri da aka zana bel ɗin kujera da ragar lagireto a jikinsa. Gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe, sai sufa-gulu, ga lanƙwasawa da ke son hannu marar rawa. Sun saka takardar rufe gilashi lokacin fenti, amma zane ne kawai, kai za ka bi layi ka yanka da wuƙa mai kaifi. Mazaunin matuƙi kaɗai zai ci maka lokacin da za ka haɗa na Airfix gaba ɗaya.

Yanzu fenti, inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Spitfire na 1940, lokacin da aka gwabza a sararin samaniyar Birtaniya, launi biyu ne a samansa, kore mai duhu da ruwan ƙasa, a lauye cikin juna, ƙasansa kuma wani launi mai haske tsakanin kore da shuɗi da suke kira Sky. A fiffiken 1/72, buroshi mai faɗi kaɗan zai ratsa daga gaba zuwa baya a ja ɗaya, kafin fentin ya fara bushewa ka gama. A fiffiken 1/48 sai ka ja, ka koma ka ɗebo, ka sake ja, kuma a daidai inda ja na biyu ya hau na farko nan sawun buroshi yake fitowa. A ƙasar sanyi ma ana fama da wannan. Mu da fentin ruwa ke bushewa a bakin buroshi lokacin hunturu ko a zafin bazara, abin ya fi tsanani. Shi ya sa yawancin jiragen 1/48 masu sheƙi da kake gani a hotuna da injin feshi aka yi su. Sayen injin da kwamfaresa wani babi ne na kuɗi, ga maganar wuta, kuma ba na ba kowa shawarar ya shiga nan kafin ya san ko abin zai zauna masa a rai.

Sirrin buroshi ɗaya ne a ma'aunin biyu: ka tsinka fentin da ruwa har ya yi kamar madara, ka shafa siriri, ka bari ya bushe sarai, ka sake. Shafin farko zai yi muni, robar na leƙowa ta ko'ina, kada ka tsorata ka labta mai kauri. A na uku zai rufe. Ka fara da launi mai haske, wato ƙasan jirgin, sannan ruwan ƙasa a saman gaba ɗaya, sannan ka zana iyakar koren da fensir ka cike. Da ka gama shafi, ka kife robar ajiye abinci a kansa saboda ƙura. Fentin Vallejo na ƙasar Sifen yana bin buroshi lafiya. Na Tamiya na cikin ƙaramar kwalba mai faɗi yana da kyau ƙwarai a injin feshi, amma da buroshi yana saurin bushewa, shafi na biyu kuma yakan ɗago na farko. Kenan ko fentin da takardar umarnin Tamiya za ta nuna maka ba shi ne ya dace da hannunka a yanzu ba.

Sitikun ma sun bambanta. Ba irin na mannawa ba ne. Yanka ake yi, a tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, a zame su daga takarda zuwa jikin jirgi, a danne da audugar kunne. Na Airfix na 'yan shekarun nan sirara ne, suna kwanciya cikin layuka. Na Tamiya an san su da ɗan kauri, kuma babban da'irar da ke kan fiffike a 1/48 yakan buƙaci ruwan tausasa sitika irin su Micro Sol kafin ya lafe. A duka biyun, in ka ɗora sitika a kan fenti marar sheƙi, iska za ta maƙale a ƙarƙashinta ta bar wani fari-fari a gefe. Maganinsa shi ne shafa banish (wato fenti garau marar launi) mai sheƙi tukuna, a ɗora sitika, sannan a rufe da marar sheƙi.

Gilashin kan matuƙi kuwa a nan babban ya yi nasara ba gardama. Zana firam ɗin gilashin 1/72 da buroshi aiki ne na riƙe numfashi. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka bar fentin ruwan ya ɗan bushe, sannan ka kankare wanda ya fita layi da tsinken sakace, ba zai ƙarce gilashin ba. Kuma ko wanne ka saya, kada sufa-gulu ya kusanci gilashi, tururinsa na mayar da shi fari, gyaransa kuma da wuya. Farin gam na kafintoci shi ne daidai, yana bushewa garau.

Akwai ɗan mutum-mutumin matuƙi a kwalayen biyu. Wanda ba ya son ajiye siffar mutum a ɗaki sai ya bar kujerar haka nan, ba abin da zai ragu. A 1/72 da gilashi a rufe ba a ma ganin cikin sosai.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kuɗin Tamiya ɗaya yakan sayi na Airfix biyu ko uku, kuma babu fenti ko gam a cikinsa. Airfix suna da wanda suke rubuta wa Starter Set, mai ɗauke da ƙananan gwangwanayen fenti, buroshi da gam. Fentin ba shi ne mafi kyau ba, wani lokaci ka tarar ya yi kauri, amma da ɗigon ruwa yana aiki, kuma ga wanda ba shi da shagon waɗannan kaya a garinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ni ne, zan roƙi Yaya ya sayo ƙanana biyu a maimakon babba ɗaya. Kwalayen ba su da nauyi, ba sa cin wuri a akwati. Na farko za ka koyi yadda gam ke narkar da roba, yadda yatsa mai gam ke barin tambari a fiffike, yadda layin tsakiyar gangar jiki ke ɓacewa da samfefa mai laushi. Na biyu shi ne za ka ajiye a falo. Yin wannan karatun a kan Tamiya mai tsada yana sa mutum ya ji tsoron taɓa kwalin, kuma kwalin da ake tsoro a kan kabad yake tsufa.

Abu biyu ka gaya wa Yaya. Na ɗaya, gam ɗin roba da fentin mai da gwangwanin feshi duk suna kamawa da wuta, kuma dokar jiragen sama ta hana saka irinsu a kaya, don haka ya bincika kafin ya ɗauro, ya tsaya a fentin ruwa. Na biyu, Airfix tsohon kamfani ne, tun shekarun 1950 suke yin Spitfire, kuma har yau suna sake fitar da wasu tsofaffin zubi a sabon kwali da sunan Vintage Classics. Waɗannan na masu tuna ƙuruciya ne, ba sa zama daidai kamar na zamani. A shafin intanet na Scalemates ana iya ganin shekarar da aka sassaƙa zubin kowane kwali, ya nemi na 2010 zuwa sama.

Kayan aikin da suka rage duk suna kasuwarmu: abin yanke farce don cire yankuna daga firam ɗin robar da suke zuwa a maƙale a jikinsa, reza ko wuƙar tiyata daga kemis, abin goge farce na mata a madadin samfefa, salatif na takarda, da 'yan maƙalan shanya don matse fiffike har gam ya kama. Kada ka murɗe yanki da hannu daga firam, yana tafiya da tsokar robar.

Tunda biyu nake so a sayo maka, bari in faɗi abin da zan so na biyun ya zama: Hawker Hurricane. Ya ɗan fi Spitfire girma, faɗinsa mita 12.19, wato kusan santimita 17 a 1/72, ƙafafunsa a buɗe suke, sun fi sauƙin daidaitawa. Kuma jirgi ne da ya sauka a ƙasarmu. Daga watan Satumba na 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Birtaniya wuya, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa El Geneina da El Fasher da Khartoum, sannan su gangara Masar. Jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya, kuma Hurricane na cikin na farko-farko. Yawanci jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke jan ayarin, ƙananan na biye da shi. Spitfire ma yana da tasa alaƙar: runduna ta 91 ta sojan saman Birtaniya sunan Nijeriya ta ɗauka a lokacin yaƙin, Spitfire ta yi yaƙi da shi, harufan jikin jiragenta kuma DL ne, ga mai son ya nemi sitikunsu nan gaba.

In Hurricane na hanyar Takoradi kake so, a duba kwalin da aka rubuta Trop a jikinsa. Shi ne mai babbar matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci, wadda aka ƙara don kare injin jirgin, mai suna Merlin, daga yashi. Airfix na da Hurricane a 1/72, kamfanin Arma Hobby na Poland ma na da shi, nasu ya fi zane mai kyau amma yankunansa sun fi yawa da ƙanƙanta. Fentin hamada na rundunar Birtaniya launi uku ne: ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi da ake kira Middle Stone a sama, shuɗi mai suna Azure Blue a ƙasan jirgin. Ruwan ƙasar ɗaya ne da na Spitfire ɗinka, don haka kwalba biyu kawai za a ƙaro.