Takobin katako a kasuwar Japan

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali? Maganar takubban katako da ka ce in duba wa ɗalibanka na atisaye, na zagaya shaguna, ga yadda abin yake.

A nan bokuto suke ce masa, kuma iri biyu ne a kasuwa. Akwai na tsaraba da ake jibgewa a ƙofar shaguna a unguwar Asakusa ta Tokyo da birnin Kyoto, 'yan makaranta da baƙi ke saye. Ga araha ga sheƙi, amma bai jure bugu, nan da nan yake tsagewa. Ko kyauta aka ba ka kada ka ɗanka wa yaro.

Na gasken sai a shagon kayan kendo, wato wasan takobi na Japan. Yawancinsu a garin Miyakonojo ake sassaƙa su, can lardin Miyazaki a tsibirin Kyushu, kuma gidajen sana'ar kaɗan suka rage, shi ya sa kuɗinsa ke ta hawa. Farin itacen shirakashi ya fi ƙwari, jan akagashi ya fi sauƙin kuɗi. Tsawon babban santimita 101.5 ne, nauyinsa rabin kilo da ɗan wani abu.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon. Dattijo ne, bai miƙo min komai ba sai da ya tambaya: na kendo ne ko na aikido, wato wani salon kare kai nasu? Za a riƙa kara shi da wani takobin, ko lilo kawai za a yi don ƙarfin hannu? Sannan ya ɗaga ɗaya saitin idonsa ya duba miƙewarsa, ya bi jijiyar itacen da yatsa tun daga ƙota har tsini, ya ture wani gefe saboda ɗan kulli da ni ban ma gani ba. Babu ciniki, kuɗin da aka rubuta shi za ka biya. Ya kuma ja min kunne in riƙa sa shi a jaka, don 'yan sanda na iya tsayar da wanda ya riƙo shi tsirara a titi.

Wallahi Yaya, masassaƙanmu masu yin taɓarya da ƙotar fartanya ba su gaza waɗannan a hannu ba, awo tsayayye ne kawai babu. Ganin yadda kuɗin aike yake da tsada, biyu zan saya in taho da su cikin kaya. Ka nemi masassaƙi mai haƙuri ya gwada kwaikwayonsu da busasshen marke, mu ga ko zai jure.

A gaida Hajiya da yara.