Na'urar ɗaurawa a kai ko ECT na asibiti, wanne za a yi ma Baba?

Ƙanwata, Allah ya ba Baba lahiya. Kin ce ya ƙi abinci ga mantuwa, kina tambaya wanne za a yi mashi. Tsakanin na'urar nan da kika gani ana talla da ECT ɗin da lokotoro ya yi muku zance (magani ne da ake yi da kuran a kai a asibiti), ni dai ki bi lokotoro, kuɗin na'urar ki aje su don mota da awo.

Innarmu ta yi ECT. Bayan rasuwar mahaifinmu ta ɗauke magana, hura ma sai an yi da gaske take kurɓa, tana salla ta rasa raka'a nawa ta yi, dangi sunka ce gigin tsuhwa ne a bar ta. Ashe ciwon damuwa ne, kuma a wajen tsofaffi yakan zo da mantuwa har a ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta tahi. An yi watanni ana ba ta ƙwayoyi ba canji, sannan anka tura mu wani asibiti a Kano. Da na ji kuran a kai gabana ya hwaɗi, amma ba yadda ake ba da labari ba ne. Tun dare ba ci ba sha, da sahe a yi mata allurar barci da ta sakin jiki, a manna abu gefen goshi, a saki kuran na ƴan daƙiƙu, ita ba ta ma san an yi ba. Yawanci sau 2 ko 3 ake yi a sati, duka 6 zuwa 12, kuma tun 1938 anka hwara shi a Roma, ba sabon abu ba ne. Ana tsakiyar yi wata sahiya na iske ta tana ma jikanta hwaɗa don ya taka mata tabarmar salla da takalmi, wallahi kuka na yi, watanni rabon da in ji muryarta da ƙarhi haka.

Yana da nashi nauyi. In ta hwarka takan ruɗe, ga ciwon kai, kuma wani suna da anka yi gidanmu lokacin har yau ba ta tuna shi. Sai an duba zuciya da tansiyo kahin a hwara, bayan an gama kuma a ci gaba da ƙwayoyi don ciwon na iya dawowa.

Ita na'urar gida, tDCS suke ce mata, soso biyu ne jiƙe da ruwan gishiri da batir mai ba da kuran ɗan kaɗan. Tamu tana nan cikin kwaba, ƙaiƙayi da jan goshi kaɗai ta bar ma Inna. Ba abin tsohon da ya ƙi abinci ba ce.

Akwai kuma TMS na maganaɗisu, shi ba a sa mutum barci kuma bai taɓa tunani, Amurka ta amince da shi a 2008, sai dai kwana 5 ne a sati har sati 4 zuwa 6, ga tsada ga wuyar samu.

Ba ki tambaya ba amma ki yi hattara da masu talla a WhatsApp, mutum ya sa hwarar riga ya ɗauki bidiyon tsohuwa tana dariya, ya ce na'urarshi na warkar da mantuwa, damuwa da shanyewar jiki duka, ki turo rabin kuɗi kaya na hanya. Ko ɗaya cikin ukun nan ba ya warkar da Alzheimer, ciwon mantuwar da ke lalata ƙwaƙwalwa, duk wanda ya ce miki yana yi kuɗinki yake so.

Ranar komawa ki zuba duk magungunan da Baba ke sha cikin leda ki kai ma lokotoro, har na gargajiya, ki roƙi a auna suga da bitamin B12 da aikin ƙwayar maƙogwaro (thyroid), don su ma suna kawo mantuwa. In kuwa ya hwara ƙin ruwa ko yana zancen mutuwa, kada ki jira ranar da anka ba ku, ki kai shi yau.