Zaren selulos na ƙarfafa roba: wanne ya kamata ka saya?

Kafin ka tambayi farashi, duba robar da za ka zuba zaren a ciki, don ita ce za ta zaɓa maka.

Selulos shi ne sinadarin da ke cikin zaren itace da tsirrai, kuma iri biyu na zarensa suka fi yawa a kasuwa: CNF da CNC. CNF dogo ne mai lanƙwasa, yana sarƙewa kamar raga a cikin roba, ya hana ta lotsewa. CNC kuwa gajere ne sandararre, tsawonsa nanomita 100 zuwa 300 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), da asid ɗin salfa ake fitar da shi. Ya fi sauƙin bajewa, ba ya sa haɗi ya yi kauri ainun, sai dai ragowar salfar da ke jikinsa kan sa ya fara ƙonewa tun a wajen digiri 200. Haka ma CNF ɗin da aka sarrafa da sinadarin TEMPO, dabarar Akira Isogai na Jami'ar Tokyo: siriri ne, nanomita 3 zuwa 4, garau a ido, amma ba ya jure zafi.

In robarka mai narkewa a ruwa ce kamar PVA, ko mai zuwa a dame da ruwa kamar latex (ruwan roba), sayi jiƙaƙƙen zare ka dama kai tsaye. Ka dai tuna galibinsa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ne selulos, sauran duk ruwa ne. A yi ciniki kan busasshen nauyi.

Inda aiki yake shi ne PP da PE, wato irin robar da ake yin bokiti da leda da ita. Selulos na son ruwa, su kuwa ba sa shiri da shi, don haka zaren kan dunƙule. Kada ka shanya jiƙaƙƙen da kanka: da zarar ya bushe sai zarurrukan su manne da juna, ko ka sake jiƙa su ba za su rabu kamar da ba. Gutsuren da ka gani fari-fari a jikin kaya, daga nan tsagewa ke farawa. Mu a ganinmu gara ƙwayoyin roba da masana'anta ta riga ta cuɗa da zaren da aka yi wa gyaran sinadari, ko a ƙara MAPP, sinadarin da ke manna zaren da roba, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari don ya kama.

Ga nailan 6, mai narkewa a wajen digiri 220, nemi zaren da aka yi wa gyaran asetil, gyaran sinadari da ke ƙara masa juriyar zafi, in ba haka ba kayan zai fito ruwan ƙasa da ƙauri.

Nemi samfur tukuna. Busar da ƙwayoyin kafin su shiga inji, gwada zuba zaren kashi 3, 5 da 10 cikin ɗari, sannan ka auna juriyar duka tare da tauri, domin sau da yawa tauri na hawa, kayan kuma na ƙara saurin karyewa.