Gargaɗi kan "jarin halal" mai ribar da ba ta canzawa

Ana ta yaɗa wata talla a WhatsApp, Telegram da Facebook: kawo kuɗinka mu juya maka ta hanyar mudaraba, babu kuɗin ruwa, ribar kashi 10 ko 20 cikin ɗari kowane wata, uwar kuɗin kuma ba abin da zai taɓa ta. Sukan buɗe da aya, su liƙa hoton wani malami da suka ce ya sa albarka. Waɗanda suke hari su ne masu tsoron Allah da suka guje wa kuɗin ruwa, suke neman halas.

Alƙawarin da kansa ya tona musu asiri. A mudaraba ta gaskiya, ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki. Ana yanka rabon ne a kan ribar da za a samu, misali 60 da 40, ba a kan uwar kuɗi ba. In an yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ne yake ɗaukarta, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Duk wanda ya lamunce maka uwar kuɗi tare da ƙari tsayayye, bashi ya karɓa da ruwa, ko da wane suna ya raɗa masa. Ka ga an afka cikin abin da ake gudu tun kafin a zo maganar sata.

Sai lissafi. Kashi 10 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, yana mai da 100 ta zama kusan 314 a shekara. Kashi 20 kuwa ya kai ta kusan 890. Mai kasuwancin da ke haihuwa haka, me zai sa ya bi mutane a waya yana roƙon jari?

Abin da ke gudana shi ne ana biyan na farko da kuɗin na baya. Watannin farko biya ba ya latti, don a samu masu ba da shaida. Daga nan a fara ba da kamasho ga wanda ya kawo mutum, a lallashe ka ka bar ribar "ta ƙaru". Ran da masu cira suka fi masu zubawa yawa, sai ka ji wai banki ya rufe asusu, ko ana gyaran manhaja. Irin wannan damfara wani mai suna Charles Ponzi ya yi a Amurka a 1920, haka kuma kamfanin IMA na Indiya, wanda ya yi talla da sunan halal, ya ruguje a 2019 da kuɗin dubban Musulmi.

Kafin ka saki ko sisi, nemi rajistarsu a wurin hukumar da ke kula da zuba jari ta ƙasarka. Takardar rajistar kamfani kaɗai ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Nemi yarjejeniya a rubuce mai bayanin rabon riba da asara, da rahoton mai binciken kuɗi na waje. Tuntuɓi malamin da suka ambata kai tsaye. Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya. In suka amsa maka da "ba ka da tawakkali ne?", tashi ka ba su wuri.

Wanda ya riga ya shiga, nauyi biyu ne a kansa. Abin da ya karɓa sama da uwar kuɗinsa dukiyar wasu ce, ba ribar ciniki ba, haka ma kamashon. Kuma yin shiru don ka samu ka cire naka alhali 'yan uwa suna ta zubawa cin amana ne. Daina gayyata yau, ka faɗa wa duk wanda ka kawo, ka adana rasit da saƙonni, ka kai rahoto banki da hukuma. Za a kira ka daga baya a ce a biya wani abu a ƙwato maka kuɗinka. Sau da yawa su ɗin ne suka sake dawowa.